Hawan Tula a Kan Keke: Abin da Nake Rubutawa Bayan Kowace Fita

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Yau na karɓo keken daga wurin Baba mai gyara, bayan ya kwance shi kaf ya wanke boris ya sa sabon giris, saboda haka daga yau lissafi ya fara. Ɗan Kwatano ne, na saye shi a hannun wani mai kawo kayan gwanjo daga Kano, kuma ban ma san sunan irinsa ba sai da ɗan yayata ya duba a waya ya ce, "Kawu, ai wannan shi ake kira keken burji." Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, irin na masu tsere, sai dai tayarsa ta fi tasu kauri, faɗinta milimita 38, jikinta da 'yan ƙuraje don ta riƙe ƙasa. Don inda kwalta ta ƙare aka ƙera shi.

Ba don yawo na saye shi ba tun farko. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake ja da baya da hawa mashin, da lita ta haura naira dubu kuwa sai na jingine shi a zaure. To ina cikin zuwa makaranta a keke sai wani tsohon ƙaiƙayi ya taso mini. Shekara 11 ke nan ina koyar da labarin ƙasa. Kowace shekara sai na zana wa 'yan aji dutse mai aman wuta a allo, in ce musu ga gyauronsa can a Kaltungo da Biu, alhali ni kaina ta tagar mota kawai nake hango duwatsun in za ni Yola. Ko tsakuwa ɗaya ban taɓa ɗauka da hannuna ba.

Ga niyyar, na rubuta ta don kada gobe in musa: kafin azumi zan hau tsaunin Tula, da ke can ƙasar Kaltungo a jiharmu ta Gombe, a kan keken nan. Akwai hanyar mota, amma ba ita nake nufi ba, ta gona da ta ƙafa zan bi. Kuma ba zan sauko in tura ba.

Maman yara ta ce, "Malam, da furfura a gemu?" Baba mai gyara kuwa abin da ya dame shi daban ne. Ya zagaye keken sau biyu ya ce, "Malam, ko kariya ba shi da ita. In ka sayo masara, a ka za ka ɗora?"

Asabar, 2 ga Nuwamba

Gwajin ƙafa, Gombe zuwa Dadin Kowa, kusan kilomita 37. Na fita bayan asuba ni da ɗan yayata, shi yana kan keken dutse na aro. Mun wuce Liji rana ba ta fito ba, muna sauka daga kwalta jefi-jefi mu bi hanyoyin gona da ke gefe. Mun isa madatsar ruwan da aka kammala a kan kogin Gongola a 1984, ga Dutsen Bima can ya miƙe kamar bango.

Zuwa ya yi daɗi. Dawowa kuwa a bayan a-kori-kura muka yi ta, tsakanin kankana. Ruwa lita biyu ya ƙare tun kafin ƙarfe goma, ga shi an shafe kwanaki babu wuta a Arewa, ruwan sanyi ya zama labari. Sirdin ma ya yi mini abin da ba zan rubuta ba. Na sa Baba ya sauke shi da faɗin yatsa ɗaya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau na taɓa dutsen da hannuna.

Mun cire tayoyin gaba muka cusa kekunan a but ɗin motar haya, muka bi hanyar Yola: Kumo, Billiri, Kaltungo. Tun daga Billiri ƙasa take sauya fuska. Fili ne shimfiɗe, gonakin dawa da wake, sai kawai ka ga dutse ya tsiro shi kaɗai a tsaye kamar an kafa turmi a kife. Wanda ya fi jan ido shi ne Dutsen Kilang, a ƙasar Kaltungo. Muka ɗaura tayoyi a bakin tasha, yara sun yi mana zobe, muka nufi gindinsa ta hanyar gona. Daga tasha kamar ka miƙa hannu ka shafo shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Cikin awa biyu na taka ƙasa iri huɗu, kowacce da halinta a ƙarƙashin taya. Jan burji shi ne mai sauƙi muddin a miƙe kake, amma a kwana tsakuwarsa tana mirginawa kamar boris, in ka karkata da sauri sai dai ka ji ka a ƙasa. Yashin kwari yana haɗiye tayar gaba, maganinsa ka koma da nauyinka baya ka ci gaba da murza feda, kada ka taɓa birki. Baƙar laka, wadda da damina take kama ƙafar saniya, yanzu ta bushe ta tsattsage da sawun kofato a jikinta, tana girgiza mutum har haƙoransa su riƙa haɗuwa. Sai na huɗu, baƙin dutse. Shi ba ya mulmulewa kamar dutsen rafi. In ya fashe, da baki yake fashewa, kamar tsinin fasasshiyar tukunya, kuma ya fi kamanninsa nauyi nesa ba kusa ba.

Shi ya yi mini maraba. Da safe na rage iskar taya don in samu sauƙin girgiza, ashe na wuce gona da iri. A wata 'yar gangara tayar baya ta daki bakin dutse, na ji ƙarfen rim ya yi ƙwal, kafin in tsaya iska ta fice. Da muka zaro tub sai ga huji biyu gefe da gefe, kamar an sa haƙora. Rim ne ya matse tub a jikin dutse ya huda shi ta ɓangare biyu. Ɗan yayata ya ce masu keke a ƙasashen Turawa cizon maciji suke kiran irin wannan hujin. Na ce ya rufe mana baki, a Kaltungo muke.

Faci ba wuya. Matsalar ita ce gefen tayar kanta ya tsage kamar tsawon farce, sabon tub yana leƙowa ta wurin kamar ƙari. Sai na zaro Murtala ta leda daga aljihu, na ninke ta huɗu na shimfiɗa ta ciki a kan tsagar, muka buga iska. Ta riƙe har muka koma tasha. Naira ashirin ba ta sayen komai yanzu, amma yau ta yi mini aikin da dubu ba za ta yi ba, don ta takarda yagewa za ta yi.

Muna cikin facin wani yaro mai kiwon awaki ya tambaye ni me muke nema a dutse. Da na ce masa wannan dutsen dā wuta ce, sai ya dube ni ya dubi dutsen, ya ja baya kaɗan. Na yi masa bayani kamar yadda nake yi a aji, sai dai yau allon ne a tsaye a gabanmu. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka take rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta yi dogon kwari, shi ne kwarin Binuwai wanda reshensa ya biyo ta Gongola. Daga baya narkakken dutse ya riƙa samun kafa yana tasowa daga ƙasa. Wani ya malala a fili ya daskare, kamar yadda ya rufe tudun Biu. Wani kuma a maƙogwaro, wato kafar da yake fitowa ta cikinta, ya daskare, ruwa da iska suka yi ta cin ƙasa mai laushi da ke kewaye da shi har suka bar shi tsirara. Abin da muke gani a tsaye, toshiyar maƙogwaron ce.

Ya ce, "Malam, zai sake tashi?" Na ce waɗannan sun mutu tun ba a yi kakan kakanmu ba. Masu rai suna can Kamaru: babban dutsensu na bakin teku ya yi aman wuta a 1999 da 2000, tafkin Nyos kuma a watan Agustan 1986 ya fitar da iska mai shaƙewa cikin dare, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobinsu. Ban tabbata na kwantar masa da hankali ba. Na dawo da duwatsu uku a jaka.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Baba ya ɗinke tsagar da zaren shumeka, ya manna guntun tsohuwar taya ta ciki, ya miƙo mini Murtalata ya ce in kai wa mai ƙosai. Mun kuma yi maganar giya. Ƙaramin farantin gaba haƙoransa 34, babban na baya 28, wato duk zagaye ɗaya na feda taya tana yin zagaye ɗaya da ɗan ɗori. A kwalta lafiya lau, a dutse kuwa kisan gwiwa ne. Ya tono wani firiwil mai haƙora 34 daga gawar keken dutse da ke bayan rumfarsa. Yanzu ɗaya da ɗaya ne. Ya ce, "In wannan bai hau da kai ba, Malam, jaki za ka saya."

Asabar, 7 ga Disamba

Har yanzu hannuna bai daina rawa ba, amma gara in rubuta tun abin yana sabo.

Mun koma gabashin Kaltungo don mu gano inda hanyar gona take fara hawa. Ana ta yankan dawa, ko'ina ka duba dami ne a tsaye. Tsaida ta huda mini tayar gaba, wannan muguwar ƙaya mai ƙahoni da ke kwanciya a bakin hanya. Na kifa keken a gefen wata gona, sai na ga kansa yana nutsewa a ƙasa, na ce bari in jawo dutse in tokare. Akwai tarin duwatsu da manomi ya tsince ya jibge a kan iyaka. Na sunkuya, yatsuna sun riga sun shiga ƙarƙashin wani falale, sai na ji an daka mini tsawa daga cikin gona: "Kai! Cire hannunka!"

Wata dattijuwa ce, da lauje a hannu. Ta ƙaraso tana haki ta ce, "Ɗana, kai baƙo ne ko? A nan ba a ɗaga dutse da hannu." Ta kira jikanta ya zo da doguwar sanda. Na farko da ya juya, wanda na kama, babu komai sai kiyashi. Na fara murmushin jin kunya. Ya juya na biyu, ya juya na uku, sai ga ta.

Kububuwa. Ban taɓa ganinta da rai ba sai yau. Ƙarama ce, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba, launinta launin ƙasar wurin sak, da ɗigo-ɗigo masu haske a gadon bayanta. Ba ta gudu ba. Ta naɗe jikinta ta shiga goga ɓawonta da juna, yana ba da wani sauti kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai. Tsakaninta da inda yatsuna suke ɗazu bai kai taki ɗaya ba. Yaron ya gama da ita, ni kuwa na zauna a ƙasa ba tare da na yi niyya ba.

Duk ɗan jihar nan ya san Kaltungo da asibitin masu saran maciji, inda ake kawo mutane daga Taraba da Adamawa da Borno da Bauci. Na san shi a matsayin labari. Dafin kububuwa jini yake hanawa daskarewa, shi ya sa wanda ta sara zai iya tashi ya ci gaba da aikinsa, sai daga baya dasashi ya fara zubar da jini, tsohon miki ya buɗe. Ba banza ake ce mata gobe-da-nisa ba. A asibiti ma gwajin da ake fara yi mai sauƙi ne: a ɗebi jini a zuba a kwalba mai tsabta a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga, sai a sa allurar maganinsa. Ɗaure ƙafa tamau da tsaga wurin da tsotsa duk ɓata lokaci ne, wani ma ƙara ɓarna yake. Abin yi shi ne a hana mutum motsi a garzaya da shi.

Na ce, "Mama, Allah ya saka da alheri." Ta ce, "Amin. Amma wannan takalmin naka na zuwa biki ne." Ta nuna mini ƙafar jikanta, takalmin roba har gwiwa. Ba zan iya murza feda da irinsa ba, amma daga yau faci a tsakiyar hanya za a riƙa yi, inda ƙasa take fili, ba a gefen ciyawa ko tarin dutse ba. Ban faɗa wa maman yara ba. Ɗan yayata ya riga ni.

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa, mura ta kwantar da ni. Ban fita ba. Na wanke sarƙa da kananzir, ƙurar da ta fito za ta cika cokali.

Asabar, 28 ga Disamba

Yunƙurin farko. Ban hau ba.

Mun kwana a Kaltungo a gidan wani abokin aikina, mutumin Tula ne, ya zo hutun Kirsimeti. Matarsa ta cika mu da shinkafa da kunun gyaɗa, ta kuma ware mana tabarma da buta. Shi ya ba ni shawarar da ta fi kowace giya amfani: duk ƙauyen da za mu ratsa mu tsaya mu gai da mai unguwa, mu faɗi daga inda muke da inda za mu. Lokacin kaka ne, idon kowa yana kan gonarsa, baƙo biyu da hular kwano da baƙin tabarau suna ratsa daji abin tambaya ne. Ya haɗa mu da ƙanensa a mashin ya nuna mana bakin hanya.

Kilomita na farko na hawan sun zo da sauƙi har na fara raina abin. Sai hanya ta tsuke ta zama ta ƙafa, ta miƙe tsaye. A nan na gane cewa ba ƙarfin cinya ne kaɗai abin ba. In na zauna a sirdi na danna, tayar gaba sai ta ɗaga kamar doki ya yi tirjiya. In na miƙe tsaye don in ƙara ƙarfi, nauyi ya bar baya, tayar baya ta yi ta juyawa a banza tana watsa tsakuwa. Tsakanin biyun akwai wani ɗan wuri, ka matso bakin sirdi, ka kwantar da ƙirji kusa da kan keke, ka riƙa murzawa a hankali ba fizga. Nakan same shi na taki goma, sai dutse ɗaya ya kauce a ƙarƙashina, shi ke nan. Kuma wanda ya tsaya a irin wannan hawa ba ya iya sake tashi, sai dai ya tura zuwa inda ta ɗan kwanta.

Sau bakwai na sauke ƙafa. A na biyar ne wani dattijo ya cim mana, yana tura tsohuwar Phoenix mai birkin sanda, da buhun dawa a kariya. Ko haki ba ya yi. Muka gaisa, ya dubi kekena ya dubi gumin da ke ɗiga daga gemuna, ya tambayi dalilin da ya sa nake ta faɗuwa ina sake hawa. Na ce alkawari na yi ba zan tura ba. Ya ce, "Wa ka yi wa?" Na ce kaina. Ya yi dariya har sai da ya jingina keken a cinyarsa. Ya ce shi shekara talatin yana bin hanyar nan, inda keke zai ɗauke shi ya sani, inda shi zai ɗauki keke ya sani, ba su taɓa faɗa ba. Ya wuce ya bar mu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a hawan nan gonakin ne. A jikin gangaren da ni ko tsayuwa ba na iya yi sosai, mutane sun jera duwatsu layi-layi sun yi matakala, kowane layi yana tare ƙasa da ruwa kada damina ta wanke su. Duwatsun da ke tsaga mini taya su ne katangar abincinsu. A aji sakin layi ɗaya nake ba wannan, ban san yawan bayan da ya sunkuya a kansa ba.

Ƙarfe ɗaya ruwa ya kusa ƙarewa, muka juya. A saukowa ne na ci ƙasa. Tsoro ya sa na damƙe birkin gaba a kan tsakuwa, tayar ta kulle ta zame, na tafi ta gefen dama. Gwiwa da tafin hannu sun sale. Ɗan ƙarfen da giyar baya take rataye a jikinsa ya lanƙwashe ciki, har tana taɓa sifok. Ɗan yayata ya taka firam ya jawo shi da hannu daidai yadda za mu lallaɓa. "Kawu, sannu," ya ce, yana danne dariya. Na ce ya yi abarsa, na yafe.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Gwiwa ta yi ɓawo. Sujada ce kawai take ba ni wahala.

Na yi odar wancan ɗan ƙarfen da firiwil mai haƙora 40 daga wani shago a Legas, na tura hoto, na tura awo, na biya har kuɗin mota. Abin da ya iso a kwali na wani keken ne daban, firiwil ɗin ma babu. Kwana uku ina kira, yau aka ce "za a duba". Baba bai jira su ba. Ya ɗaure tsohon a bais, ya riƙa bi da shi sannu-sannu da sufana, yana kanne ido ɗaya yana dubawa. Ya ce irin wannan ƙarfen sau ɗaya yake yarda a miƙe shi, na biyu karyewa zai yi.

Duwatsun nan uku suna kan tagar aji. Na ba yara su ɗaga baƙin da farin su gwada nauyi. Wata yarinya 'yar Billiri ta ce irinsa ne murhun kakarta.

Asabar, 25 ga Janairu

Na kai sama. Ko na cika alkawari kuwa, muna kan gardama.

Wannan karon mun fara hawa ƙarfe shida da rabi, da ruwa lita huɗu kowannenmu, da dabino da ƙuli-ƙuli, da gishiri da sukari a ƙulle. Sanyi har yatsu ba sa jin birki. Iskar taya na bar ta tsaka-tsaki: in na danna da babban yatsa ta ɗan shiga, in na hau na yi tsalle rim ba ya taɓa ƙasa. Baya ta fi gaba tauri kaɗan.

Bambancin yau da wancan karon a ido yake. Dā tayar gaba nake kallo, duk dutsen da na zuba wa ido kuwa shi nake dukawa. Yau na riƙa duban taki biyar zuwa goma a gaba, ina neman layin da ƙafafun mutane da na jakuna suka share. Yana nan, siriri kamar zare, wani lokaci a can bakin gefe inda ba za ka zata ba. Duwatsun da ke kansa sun zauna daram, sun yi sulɓi saboda taku. Masu kaifi da masu motsi suna inda ba a bi. Wurare shida cikin bakwai da suka kayar da ni, yau na wuce su a kan sirdi, biyu daga ciki da ƙyar, numfashina kamar zuga-zugin maƙeri.

Na bakwai ya ƙi. Wata kwana ce da ruwan damina ya zaizaye ya bar duwatsu kamar matakalar bene, ga tsayi ga lanƙwasa. Sau uku ina komawa baya ina sake gwadawa. A na uku na ji giyar ta yi ƙara, na tuna maganar Baba, na sauko. Na tura, ina ƙirgawa: taki 140.

A sama iska daban ce, mai sanyi da kaifi. Na yi ta ɗokin in hango Kilang da filin Kaltungo daga can, sai hazo ya rufe komai, fari fat kamar an rataya zane. Tula ta taɓa zama hedikwatar yankin Tangale-Waja a zamanin Turawa, tsohon gidan yarin da suka gina yana nan. Wanda ya hau da ƙafarsa zai fahimci abin da ya sa mutanen dā suka zaɓi nan: duk mai zuwa da sharri, tun yana ƙasa za a gan shi, kafin ya iso kuma ya gaji. Mun sha kunu a gidan su abokin aikina, mahaifiyarsa tana ta yi mana sannu kamar waɗanda suka dawo daga Makka a ƙasa.

Saukowa ta fi hawa cin rai, amma ban faɗi ba. Na sauke hannu a ƙasan lanƙwasar kan keken inda birki ya fi kamuwa, na ja gindi baya da sirdi, gwiwa da gwiwar hannu a sake. Birki kuma kama-saki, kama-saki, a rage gudu kafin kwana ba a cikinta ba. Sau biyu muka tsaya don yatsu su huta, na taɓa rim na ji shi da zafi kamar murfin tukunya. A gindin dutse na duba tayar baya, ɗinkin Baba yana nan, amma an samu sababbin tsagu biyu ƙanana kusa da shi.

Ɗan yayata ya ce, "Kawu, wallahi ka hau. Taki 140 a cikin wannan uban dutse ai ba a lissafa shi." Na ce ya buɗe shafin 19 ga Oktoba ya karanta.

Talata, 4 ga Fabrairu

Kwalin Legas ya iso jiya, wannan karon daidai. Baba ya ɗaura firiwil mai haƙora 40 da sabon ƙarfen, ya ƙara wa sarƙa gaɓa biyu. Yanzu in feda ya yi zagaye ɗaya, taya ba ta cika zagaye ɗaya. Na gwada a hawan unguwarmu, ƙafa tana ta juyawa keke yana tafiyar hawainiya, har wani ɗan acaɓa ya tsaya ya tambaye ni ko sarƙa ce ta zame.

Tayar baya ta gama aikinta. Na samu mai faɗin milimita 42, ta shiga firam da ƙyar, sai dai in laka ta kama za ta goga, amma damina da saura. Tudun Biu da tafkin Tila, wanda ke zaune a cikin tsohon bakin dutse mai aman wuta, na ɗage su sai bayan Salla, in na samu wanda ya san hanya kuma aka ce lafiya.

Ana sa ran azumi a farkon Maris, Asabar uku ke nan suka rage masu amfani. Na sa 15 ga wata. Abokin aikina ya ce ƙanensa zai jira mu a kwanar nan da mashin da ruwa, wai kuma dattijon mai Phoenix ya ce a gaya masa ranar, yana so ya zo kallo.